Neman gurbin likitanci ta JAMB da CAPS: an rage cuwa-cuwa, amma har yanzu ana barin ɗalibi cikin duhu

Duk shekara, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, shagunan kafe na intanet da ke kusa da jami'o'i suna cika da iyaye da 'ya'yansu. Yaro ya miƙa lambar rajistarsa, mai shago ya buɗe shafin CAPS, wato manhajar da ake ba da gurbin karatu ta cikinta, uba ya sunkuyo yana kallon allon kwamfuta. Kalmomi biyu ne kawai a rubuce, ma'anarsu ba a ba shi gurbi ba. Babu dalili, babu ranar da za a sake dubawa, babu bayanin ko an gama ɗaukar ɗaliban likitanci ko da saura. Uban ya biya kuɗin dubawa, ya ce za su dawo ran Litinin. Wasu sukan yi wata huɗu suna wannan sintiri. Wannan bita ce ta hidimar da ke bayan waɗannan kalmomi biyu, wato yadda hukumar JAMB, mai shirya jarabawar shiga manyan makarantu, da kwamitocin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in Nijeriya suke tace masu neman karatun likitanci, da yadda suke sallamar waɗanda ba su samu ba.

A taƙaice hukuncinmu shi ne: ɓangaren JAMB ya gyaru ƙwarai tun da aka kawo manhajar CAPS a 2017, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede. Ɓangaren jami'o'i kuwa, musamman wajen gaya wa ɗalibi matsayinsa, yana da sauran aiki mai yawa. Mafi yawan waɗanda aka ƙi ba zaluntarsu aka yi wajen lissafi ba. Zaluncin da ake musu shi ne shiru, domin shirun ne yake sa yaro ya rasa shekara guda alhali da an gaya masa gaskiya da wuri da ya kama wani kwas ɗin.

Kuɗin shiga ba su ne matsala ba. A 2025 fom ɗin UTME, wato jarabawar da JAMB ke shiryawa, ya tsaya a naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarabawar gwaji. Jarabawar tantancewa ta jami'a, wadda aka fi sani da Post-UTME, gwamnati ta ƙayyade ta a naira 2,000 tun lokacin da aka dawo da ita a 2017 bayan an soke ta a 2016, ko da yake abin da ɗalibi ke kashewa yakan zarce haka idan aka haɗa da cajin banki da na kafe da kuɗin mota. Mai neman likitanci zai rubuta darussa huɗu: Turanci, da Bayoloji, da Kimistiri, da Fiziks. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 kowanne a sauran ukun, jimillar maki 400. A takardar kammala sakandare, WAEC ko NECO, ana buƙatar kiredit biyar: waɗancan huɗun da Lissafi. Jami'o'i da dama suna sharɗanta a samu biyar ɗin a zama ɗaya ga mai son likitanci, ba a haɗa sakamako biyu. Wannan sharaɗi yana cikin kundin bayanin kwasa-kwasai na JAMB, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kayar da yara masu maki mai yawa, saboda kawai ba wanda ya buɗe kundin kafin a cike fom.

Abu na farko da ya kamata kowane uba ya fahimta shi ne, ba jami'a ce kaɗai ke yanke yawan likitocin da za ta horar ba. Majalisar kula da aikin likitanci da haƙora ta Nijeriya, wato MDCN, ita ke ziyartar kowace makarantar likitanci ta duba yawan malamai, da gadajen asibitin koyarwa, da ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗakin kwanan ɗalibai, sannan ta ba ta adadin da ba za ta wuce ba. Ɗalibin da ya shiga sama da wannan adadi yana iya rasa rajistar majalisar, wadda in babu ita ba zai samu lasisin aiki ba ko ya gama. A 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta sanar da ninka jimillar guraben daga kusan 5,000 zuwa kusan 10,000 a faɗin ƙasa. Ƙari ne mai amfani, sai dai masu neman likitanci a matsayin zaɓin farko sun ninka wannan adadi sau da yawa. Don haka ko kwamiti ya kai kowa adalci, dole ya mayar da mafi yawansu gida, ciki har da yaran da suka cancanta.

Daga nan sai rabon kason. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Mu ɗauki misali da makarantar da aka ba gurbi 200. Na cancanta 90 ne, kuma ana gasar su da kowa daga ko'ina a ƙasar. Na yanki 70, a raba tsakanin jihohin da ke ƙarƙashin jami'ar. Saura 40. Jihohin da ke cikin rukuni na uku 23 ne, duk jihohin Arewa 19 da Bayelsa, Ribas, Kuros Riba da Ebonyi. Idan aka raba 40 gida 23, kowace jiha ba ta kai mutum biyu ba. Kuma wannan kafin a cire kason masu shiga aji biyu kai tsaye, wato masu zuwa da takardar karatun gaba da sakandare. Wanda yake ganin zama ɗan Arewa kaɗai zai sa a ɗauke shi da maki kaɗan a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, bai yi wannan lissafi ba. A waɗannan jami'o'i abokan gasarsa su ma 'yan Arewa ne, kuma jihohin da ke da manyan makarantun sakandare na kimiyya, irin su Kano mai Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, makinsu yakan yi sama sosai. Shi ya sa yara biyu da suka zauna benci ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya maki, amma a ɗauki na ƙasan: jihohinsu ne suka bambanta, kowa da layin da yake bi. Wannan doka ce, ba maguɗi ba, amma tunda ba a yi wa iyaye bayani, kowa sai ya tafi da zargin cewa mai uwa a gindin murhu ne ya ci.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar makin da JAMB ke sanarwa a matsayin makin shiga. Abin da ake yankewa a taron shekara-shekara na shugabannin makarantu, 140 a 2024 da 150 a 2025 ga jami'o'i, shi ne mafi ƙarancin makin da za a iya ɗaukar mutum da shi a kowane kwas. Ba shi da alaƙa da likitanci. Makin da jami'a ke sa wa don a sayar maka da fom ɗin tantancewa shi ma ba shi ba ne. Makin gaske ba a saninsa sai an jera masu nema daga sama zuwa ƙasa an ƙirga har gurabe su ƙare. Inda aka tsaya nan ne iyakar. Saboda haka yana sauyawa kowace shekara. A sakamakon farko na 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka rubuta, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kuma waɗanda suka kai 300 zuwa sama dubu goma sha biyu da 'yan kai ne. Ka ga 300 ba ƙaramin maki ba ne. Amma babban kaso na waɗannan yara wuri ɗaya suka nufa, kuma jami'o'i kaɗan suka zaɓa.

Sannan makin UTME kansa rabi ne kawai na lissafin a wurare da yawa. Jami'ar Ibadan tana raba makin UTME da takwas ta samu kashi 50, sauran 50 daga jarabawar tantancewa. Jami'ar Legas tana ba UTME kashi 50, tantancewa 30, sakamakon sakandare 20, inda A1 ke da maki 4.0, B2 3.6, B3 3.2, har zuwa C6 mai 2.0. A gwada da tsarin Legas. Yarinya ta samu 310 a UTME, wato 38.75 idan aka raba da takwas. Ta ci 21 cikin 30 a tantancewa. Darussanta biyar duk B3 ne, wato 16. Jimilla 75.75. Wani ya samu 285, wato 35.63, ya ci 26 a tantancewa, yana da A1 uku da B2 biyu, wato 19.2. Jimillarsa 80.83. Ya wuce ta da maki biyar, alhali ta fi shi da 25 a JAMB. Gidan yarinyar za su yi ta faɗin 310, domin ita ce lambar da suka sani. Waɗannan jami'o'i biyu sun cancanci yabo a nan, domin suna wallafa makin da aka tsaya a kowane sashe, na cancanta daban, na yanki daban. Ɗalibi zai lissafa nasa ya kwatanta, ya san inda ya tsaya a rana ɗaya. Abin da muke so kowace jami'a ta yi ke nan, kuma ba ya cin ko sisi. Jami'ar da ba ta bayyana yadda take haɗa maki ba, ba ta kuma wallafa inda ta tsaya ba, ita ta buɗe wa dillalan gurbi kasuwa a bakin ƙofarta.

Yanzu ga CAPS ɗin kanta. Kafin 2017 jami'a takan liƙa jerin sunaye a allo, daga baya ta kai wa JAMB ta sa hannu. Yanzu mataki uku ne a cikin manhaja: jami'in ɗaukar ɗalibai ya gabatar da suna, shugaban jami'a ya amince ya tura, jami'in JAMB ya duba ya tabbatar. Idan aka tsallake mai maki sama aka ɗauko na ƙasa a rukuni ɗaya, sai jami'a ta kawo hujja. Wannan shi ne babban alherin tsarin, kuma a likitanci, inda kowace kujera ake kokawa a kanta, ya rage cusa 'ya'yan manya ƙwarai, ko da ba mu ce ya kashe shi ba. Duk gurbin da aka bayar a wajen CAPS haramtacce ne. JAMB ta yi afuwa ga irin waɗannan na shekarun 2017 zuwa 2020, ta kuma ce ta rufe ƙofar. Wanda sunansa ba ya cikin kundin JAMB zai gamu da cikas ranar tafiya bautar ƙasa, bayan ya yi shekara shida yana karatu. Don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai "shigar da suna" ta bayan fage, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma zai sayar maka da abin da zai zame maka masifa.

Inda CAPS ke kayar da mutane yawanci ƙananan abubuwa ne. Mafi girma a cikinsu shi ne rashin ɗora sakamakon sakandare. Yaron da ya cike fom yana jiran sakamako dole ne, da zarar WAEC ko NECO ta fito, ya je cibiyar jarabawa ta kwamfuta da JAMB ta amince da ita, ko ofishin JAMB, a ɗora masa. Ɗorawa a shafin jami'a ba ta wadatar. Idan ba a ɗora ba, manhajar ba za ta ma nuna sunansa ga kwamiti a cikin waɗanda suka cika sharaɗi ba, ko da 330 ya ci. Ya kamata bayan an ɗora ya buɗe shafinsa ya ga darussan da idonsa, domin akan ɗora a manta da darasi ɗaya, ko a rubuta C6 a gurbin B2. Sai batun shekaru: 16 ne mafi ƙaranci, bayan ce-ce-ku-cen 2024 da aka so a mayar da shi 18 aka fasa. Sai saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ta zama dole tun 2021, da takardar sakandare. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya koma gaban na yaro. Gyaran yana ɗaukar makonni, kwamiti kuma ba ya jira. Sai jihar asali: abin da aka rubuta a fom da shi za a sa yaro a layi, kuma ranar rajista za a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda ya ari wata jiha don ya samu sauƙi, a nan asirinsa ke tonuwa.

Zaɓi na biyu a likitanci kusan ado ne. Jami'ar da masu zaɓin farko suka cika mata gurabe har suka yi ambaliya ba ta da dalilin duba wanda ya sa ta a na biyu. Idan maki bai kai na jami'ar da aka zaɓa ba, hanya ita ce canjin makaranta ko kwas a cibiyar JAMB, wanda aka saba biyan naira 2,500, kuma a yi shi kafin jami'ar da za a koma ta rufe rajistar tantancewa. Jami'o'in jihohi suna fifita 'yan jiharsu, wasu har suna rabawa bisa ƙananan hukumomi, saboda haka ɗan Gombe ko Kaduna ko Jigawa ya auna makinsa da jami'ar da ya fi ƙarfi a cikinta, ba wadda ta fi suna ba. A duba kuma ko MDCN ta amince da makarantar, kuma wane mataki na amincewa ta samu, domin sabbin makarantu sukan fara ɗaukar ɗalibai kafin a tantance ɓangaren asibiti, ɗalibai su maƙale a tsakiya suna jira.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake sauya wa yaro kwas. Idan bai kai layin likitanci ba amma makinsa na da kyau, jami'a takan miƙa masa wani: ilimin sassan jiki, ko ilimin aikin gaɓɓai, ko Bayokimistiri, ko kimiyyar tsirrai. A CAPS wannan yana zuwa a matsayin neman izinin sauyi, sai ɗalibi ya danna amincewa. Tunanin yana da kyau, domin ba a sauya maka sai da yardarka. Amma tayin yakan zo babu bayani. Yaro bai sani ba ko an gama da likitanci ne gaba ɗaya, ko kuwa akwai jeri na biyu. Idan ya karɓa, ya fita daga layin likitanci na wannan shekara. Idan ya ƙi yana jiran abin da ba zai zo ba, ya yi biyu babu. Da zarar kuma an ba da gurbi na sosai, akwai wa'adin mako huɗu na karɓa ko ƙi, kuma wanda ya karɓa ya rufe ƙofar duk wani tayi. Jimla ɗaya daga jami'a za ta warware wannan: "An cike guraben likitanci, makin da aka tsaya kaza ne, naka kaza." Ana kuma yawan yi wa iyaye alkawarin baka cewa yaro ya shiga wani kwas, in ya yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da shi likitanci. Kada a gina shiri a kan wannan. Adadin MDCN bai ƙaru ba don an shiga aji biyu, kuma a jami'o'i da yawa ƙofar a rufe take ko ba ta wuce mutum ƙalilan.

Akwai ma ƙi na biyu da ba a cika faɗa ba. Wasu jami'o'i suna ɗaukar ɗalibai a aji ɗaya fiye da adadin da aka ba su, da niyyar tacewa a ƙarshen shekara. Wanda ya faɗi darasi ko bai kai matsakaicin makin da aka sa ba sai a tura shi wani sashe. Tacewa a kan ƙwazo ba laifi ba ce idan an rubuta ƙa'idar a takardar gurbi tun ranar farko. Laifi ne idan yaro ya sayi farar riga, dangi sun fara kiransa dakta, sannan a ƙarshen zango ya ji cewa kujerun aji biyu ba su kai yawan 'yan ajinsu ba. Tambayar da ya kamata uba ya yi ranar rajista ita ce: mutum nawa kuka ɗauka, kuma nawa majalisa ta ba ku?

Za a lura ba mu ambaci ganawa da ɗalibi ido da ido ba. A yawancin jami'o'in gwamnati babu ita, lambobi ne kawai. Wannan yana da amfani, domin a ƙasar da ake fama da alfarma, ganawa wata ƙofa ce ta son kai. Amma yana da hasara: ba a tambayar yaro ko shi ke so ko babansa, kuma malaman aji biyu da uku su ke ganin sakamakon, lokacin babbar jarabawar likitanci ta farko da ake cin ta da maki 50 cikin 100.

Hanyar ƙorafi tana nan, kuma ta fi yadda mutane ke zato. JAMB na da shafin shigar da koke ta intanet, kyauta, ana ba ka lamba kana bin sawu. Koken da ke samun amsa shi ne mai lambobi: lambar rajista, makin UTME, makin tantancewa, jimilla, jiha, da makin da jami'a ta wallafa. Koken da ya ce kawai "ɗana ya ci 290 an hana shi" amsarsa ba ta wuce a koma wa jami'a. Hukumar ta nuna tana iya amsa kuskure: a Mayun 2025 shugabanta ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon mutum 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarabawa. Irin wannan fitowa fili ita muke nema daga kwamitocin jami'o'i.

Ga wanda bai samu ba kuma zuciyarsa na kan likitanci, hanyoyi uku ne na gaskiya. Ya sake rubuta UTME, bayan ya gano a wane ɓangare na lissafin ya yi rauni. Idan sakamakon sakandare ne mai C da yawa, sake JAMB kaɗai ba zai gyara ba. Ko ya bi ta karatun share fagen shiga jami'a, wato IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, da sanin cewa guraben nan sun fi na UTME ƙaranci kuma ana son maki kusan cikakke. Ko ya fita waje, inda lissafin ya sauya tun yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023, waɗanda suka dawo da ɗalibai da yawa gida karatu bai ƙare ba. Duk wanda ya gama a waje kuma sai ya ci jarabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Nijeriya. Kowace aka zaɓa, a sa wa jira iyaka: idan jami'a ta fara rajistar sabbin ɗaliban likitanci kuma shafin yaro bai motsa ba, a buɗe sashen tayin wasu makarantu a CAPS a duba, a kuma yanke shawara kafin a fara sayar da fom ɗin shekara mai zuwa, wanda yakan fito a farkon shekara.